Tsakuwar Malam

Da aka sallamo Malam daga asibiti, kalma ɗaya ce ta biyo shi gida. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana magana a gaban ɗaliban jami'a har maƙogwaro ya bushe, yanzu in ya buɗe baki, ko ruwa yake so ko a kashe fanka, abin da ke fitowa shi ne "To". Da a ce "a'a" ce ta rage masa, da da sauƙi. Amma a'a ta tafi, sunan matarsa ya tafi, har ɗan zagin da yake yi wa direbobi a hanya ya tafi, To ita kaɗai ta zauna daram.

Likita ya yi bayani, ba za a ci haƙƙinsa ba. Sai dai a tsaye ya yi shi, a bakin ƙofa, ga wasu marasa lafiya suna jira, kuma wanda ya saurara shi ne babban ɗan Malam, wanda kowa ke kira Injiniya. Yaro ne mai kirki, mai son ubansa, amma irin mutanen nan ne da tun kana tsakiyar faɗin matsala sun riga sun tafi neman sukudireba. Abin da ya kawo gida daga bakin likita bai wuce cewa ɓarin dama ya shanye, magana za ta dawo a hankali, a riƙa yi masa hira ba. Shi ya sa ranar da aka fara jin To ɗin, gidan ya cika da murna, har Inna, matar Malam, ta share hawaye da bakin mayafi.

Kuma wa zai zarge su? Tun aurensu, Inna na zuba zance daga kan keken ɗinkinta, shi kuma yana amsa mata da To, idonsa na kan duwatsu. A kunnenta, mijinta ne ya dawo yadda ta san shi.

Ya gwada girgiza kai. Wuyan yana ɗan karkata, bakin kuma ya riga shi, mutane kuwa kunnensu suka fi yarda da shi a kan idonsu. An ba shi biro a hannun hagu, ya zana wani abu kamar sawun kaza, haruffan da ya sani tun yana ɗan firamare suka tsaya suna kallonsa yana kallonsu. Haka aka ci gaba da tambayarsa yana yarda. A ƙara sukari? To. A rufe taga? To. A bar rediyo a tashar nan ta masu gardamar ƙwallo? To. A cikin kansa kuwa magana na nan tsaf, jimla a bayan jimla, ba ta da ƙofar fita. Abin yana ba shi haushi, kuma yana ba shi tsoro.

Tunda ba ya iya hawa bene, ɗakin aikinsa na ƙasa aka mayar masa wurin kwana. Ɗakin duwatsu ne. Aikin Malam duk rayuwarsa shi ne binciken kayan aikin mutanen farko, waɗanda suka rayu tun ba a san ƙarfe ba, tun ba a san tukunya ba, suna fasa dutse da dutse su fitar da kaifin yanka nama. Duwatsun ɗakin iri biyu ne, ko da yake a idon mutanen gidan duk tarkace ne. Akwai na bokitai a ƙarƙashin taga, ɓarɓashin da shi da kansa ya fasa yana koyon yadda na da suke yi. Bai taɓa yarda a zubar da su a fili ba, wai kada wani ya tono su nan gaba ya ɗauka na da ne, don haka bokiti ya yi ta haifar bokiti, Inna na mita. Sai kuma na kan tebur, a cikin wani faffaɗan tire mai yashi. Waɗannan na gidan tarihi ne, an tono su a gaɓar wani tsohon kogi, daidai inda wani ya taɓa zama ya fasa dutse guda ya tashi ya bar gutsattsarin. Kowane gutsure yana da 'yar lamba ta baƙar tawada, ƙanƙanuwa kamar kashin ƙuda. Tsohon ɗalibinsa da ke riƙe da ɗakin ajiyar gidan tarihin ne ya ba shi aronsu bayan ya yi ritaya, don ya mayar da su dutse guda yadda suke a da, aikin da babu mai haƙurinsa sai shi.

In ka haɗa gutsattsarin, kana ganin bugun da aka yi bi da bi, kamar kana tsaye a bayan mai fasawar. To a nan ne Malam ya ga abin da ya hana shi sukuni. Bugun farko na ɗan koyo ne, an yi ta dukan wuri ɗaya har ya dakushe, dutsen ya yi tudu ya ƙi ɓallewa. Sai kwatsam ga bugu ɗaya daga ɗaya gefen, mai tsabta, ya kwashe duk ɓarnar a babban gutsure guda mai faɗin tafin hannu. Bayan shi kuma sai bugun ɗan koyon ya dawo, da rawar hannunsa, amma yanzu a inda ya dace. Mutum biyu ne suka taɓa dutsen nan. Wani ya karɓa, ya gyara, sannan ya miƙa wa mai shi ya ci gaba. Malam yana ganin a irin wannan zaman ne mutum ya fara zama mutum, kuma mai yiwuwa a lokacin ko magana ba su da ita. Bai gaya wa kowa ba tukuna, don shi ba ya faɗin abu sai ya tabbatar, kuma saura 'yan gutsattsari kaɗan. Da safen da ciwon ya kayar da shi, babban gutsuren yana tsaye a cikin yashi yana jiran gam.

Da farko an tura teburin jikin bango an rufe shi da tsohon zane. Amma keken guragu yana son wurin juyawa, mai gashin ƙashi ma ta ce ɗakin ya yi ƙunci. Sai Injiniya ya durƙusa a gaban ubansa, cikin ladabi, ya tambaye shi ko a kwashe duwatsun nan a fitar da teburin.

Malam ya tattara duk ƙarfinsa, ya ga kalmar a'a ƙarara a cikin kansa, ya turo ta. "To," in ji bakinsa.

Injiniya ya ɗauki tiren ya juye shi a bokitin da ya fi kusa, yashi da komai. Malam ya ji ƙarar a haƙoransa. Ya ɗaga hannun hagu yana faɗin To, To, To da ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta tashi, Injiniya kuwa ya yi dariya ya ce wa uwarsa ta ji, Baba ma ya matsu a sarara masa. Aka jera bokitan a tsakar gida kusa da famfo, inda Malam ke hango su ta taga. Ya riƙa lallashin kansa da cewa ba a rasa komai ba tukuna. Lambobin suna nan, mai ido zai iya tsince su.

Mai idon ma ya zo. Tsohon ɗalibin ya kawo gaisuwa da ledar lemo, ya zauna a bakin gado yana magana da ƙarfi kamar kunnen Malam ne ya shanye. Da zai tafi ya tambaya ko kayan suna nan lafiya. Malam ya kafe shi da ido, ya nuna taga. Ɗalibin ya leƙa, ya yaba shukokin Inna, ya sake tambaya, ya samu To ɗinsa, ya ce babu gaggawa ko kaɗan, Malam ya riƙe su har ya warke. Ya sa takalmi ya wuce ta gefen bokitan, har gefen wandonsa ya goge ɗaya.

Ƙofar gidan tana da matakala, sai ƙarti biyu sun ciccibi keken kafin a fitar da shi, don haka tun dawowarsa Malam bai leƙa titi ba. Yana kewar titin ƙwarai, yana kewar bencin mai gyaran agogo inda yake zuwa hira da la'asar. Injiniya ya lura, don ba makaho ba ne a kan abin da ya shafi gyara. Ranar hutunsa sai ga shi da birkila da buhunan siminti, za a yi gangara daga ƙofa zuwa titi yadda Inna ita kaɗai za ta iya tura keken. Birkila ya auna, ya kafa katakai, ya ce yashi ya isa amma tsakuwa ta yi kaɗan. Yana faɗin haka idonsa ya sauka a kan bokitan. Ya ɗebi ɗan kaɗan ya murza, ya ce wannan ai ta fi ta kasuwa ƙarfi.

Injiniya ya shigo ɗaki fuskarsa cike da fara'a. Ya ce dabara ta zo: duwatsun Baba ba za su tafi bola ba, a cikinsu za a yi gangarar, kullum zai riƙa bi ta kan aikin hannunsa. Ya tambaya ko ya yarda. Malam ya datse leɓɓansa, ya riƙe numfashi, amma shirun ya yi tsawo, Injiniya ya sake tambaya yana shafa masa gwiwa, kalmar ta sulale ta fito. Yaron ya ja ƙofa ya rufe don kada ƙurar siminti ta dami mahaifinsa.

Ta taga Malam ya ga birkila ya ɗauki bokitin farko, wanda aka juye tiren a ciki, ya zazzage shi a kan yashi da siminti, ya bi da ruwa, ya sa shebur. Malam ya kama tayar keken da hannun hagu ya tura. Keken da ake tura wa taya ɗaya ba ya zuwa ko'ina sai zagaye. Ya ga ƙofa, ya ga bango, ya ga taga, ya sake ganin ƙofa. Ya ture kofi ya faɗi, amma keken ɗinkin Inna na ta kuka a falo, rediyo kuma na ta gardamar ƙwallo. Ya yi ta kira da kalmarsa guda har murya ta dishe. Rana ta ɗaga, ta take, baro yana zuwa yana dawowa, bokiti na biyu ya bi na farko. Bai taɓa jin ƙiyayya ga wani abu kamar yadda ya ji ga bakinsa a ranar ba.

A zagayen da keken ke yi ne idonsa ya faɗa ƙarƙashin gado. Gutsattsari biyu ne a can jikin ƙafar gadon, sun kuɓuce ranar da aka juye tiren, tsintsiya kuma ba ta kai wurin ba. Ya san su. Ya taɓa manna su da gam mai rauni, faɗuwa ta raba su. Ya dube su, ya dubi tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa, sannan ya karkata jikinsa gefen da ya mutu ya saki.

Ƙarar faɗuwarsa ce ta tsayar da keken ɗinki. Inna ta shigo a guje ta tarar da shi kwance, leɓensa ya fashe, hannun hagu a ƙarƙashin gado. Ta buɗe baki za ta kira Injiniya, ya damƙi zanenta ya ja har ta zube a kan gwiwoyinta. Ya buɗe tafinta ya ɗora gutsure ɗaya. Ya ɗauki ɗayan yana lalube da yatsun da ba su saba ba, ya kuskure, ya juya, ya sake kuskurewa. Inna tana ta cewa ya bari ta ɗaga shi tukuna. Sai gefe ya samu gefe, suka zauna da 'yar ƙara, layin da ke tsakaninsu ya ɓace.

Inna ta ƙura wa dutsen ido. Mace ce da ta san gefe biyu da almakashi ɗaya ya raba, ko da an cakuɗa su cikin buhun ƙyallaye. Ya juya mata dutsen, ya sa farce a kan 'yar lambar. Ta kai shi kusa da ido, ta ga ashe rubutu ne, ita da ta ɗauka datti ne duk shekarun nan. Ya nuna taga.

"Waɗannan na gidan tarihi ne?" ta tambaya.

"To."

"A bar su su zuba a siminti?"

"To."

Murya ɗaya, babu bambanci ko na ƙwayar gero, amma hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Inna ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sunkuyo ta ce a hankali, "Malam, ni akuya ce?"

"To," in ji Malam.

Ya ga lokacin da abin ya shige ta. Fuskarta ta sauya, ta dafe ƙirji da hannun da babu dutse. Ba ta ɗaga shi ba. Ta tura masa matashi a ƙarƙashin kai, ta fita ko takalmi babu.

An kusa gamawa, birkila yana shafe saman gangarar da katako. Inna ta taka cikin ɗanyen kankaren har idon sawu, ta tsuguna ta cusa hannu biyu tana tsamo duwatsu. Birkila ya riƙe katakonsa a sama, ya dubi Injiniya don ya ji ko lafiya. Injiniya ya ce Inna mene ne haka, ai Baba ya ce to.

"Yanzu na tambaye shi ko ni akuya ce," ta ce, ba ta ɗago ba. "Je ka ɗauko ubanka daga ƙasa, ka kawo shi nan."

Da aka ajiye keken a bakin ƙofa, Malam ya ga titi a karon farko tun dawowarsa, amma bai kalle shi ba. Inna na tsamowa, Injiniya na wankewa a famfo, kansa a sunkuye, har birkila ya ajiye katako ya kama. Duk wanda aka wanke sai ta nuna wa Malam. A wasu siminti ya riga ya ci tawadar, amma shi ko a cikin duhu ya san nasa ya san na aro. Ta ce ya rufe bakin nan, in na gidan tarihi ne ya matse mata wuyan hannu. Haka aka yi ta yi. Yawanci nasa ne, a jefa gefe. Jifa-jifa ya matse, ta ajiye a cikin farantin shayi. Simintin ya cinye mata fatar yatsu, ba ta kula ba.

Da ɗanyen kankaren ya ƙare, abin da ke farantin bai taka kara ya karya ba, babban gutsuren kuma ba ya ciki. Birkila ya buga ƙasan gangarar da diddige, can wajen titi inda aka zuba bokitin farko tun da safe, ya ce nan ya fara kamawa. In za a tona, sai yau, da kurfin sassaƙa da ƙaramar guduma, a bi a hankali, kuma ba zai yi alkawarin ba za a fasa wasu ba. In aka kwana, sai dai a manta. Ya ƙara da cewa in aka tona, gangara ta tashi aiki, shi kuma gobe zai koma wani babban gini a bayan gari, bai san ranar dawowa ba. In kuwa aka bari, zai cike ramin da aka yi yanzu, nan da 'yan kwanaki Malam ya riƙa fita shan iska.

Injiniya ya buɗe baki zai yanke hukunci kamar yadda ya saba, uwarsa ta harare shi ya mayar ya rufe. Ta durƙusa a gaban keken, ta miƙa wa mijinta hannayenta biyu masu siminti da jini. Ta ɗaga na hagu ta ce wannan a tona. Ta ɗaga na dama ta ce wannan a bari ya samu hanya. Ta ce kada ya yi sauri, babu inda za su.

Yanzu ne Malam ya kalli titin. Ga mai gyaran agogo can a kan bencinsa, ya hango shi har ya ɗago masa hannu. Wata mota ta wuce, iskarta ta taɓa masa fuska. Yana son fita, yana so ƙwarai, ɗakin nan ya ishe shi. Kalmar ta taso masa a maƙogwaro, ya cije leɓen da ya fashe har ta koma. Mutum uku suna jiransa. Ya ɗaga hannun hagu, ya wuce da shi ta kan hannunta na kusa, ya kama na hagu ya matse.

Injiniya ya karɓi kurfi da guduma daga hannun birkila, ya ce shi zai yi da kansa, ya sauka bakin titi ya durƙusa.

Malam ya sassauta yatsunsa zai saki, Inna ta riƙe su gam.

"Tsaya, ban gama ba," ta ce. "Tun daga ranar da aka dawo da kai za mu faro. Duk abin da na tambaye ka, sai na sake tambaya."